Kwarkwaro mai ƙusa huɗu

Yara, ku ɗauki safa ko hular sanyi, ku kawo ta kusa da idonku. Me kuka gani? Za ku ga ƴan ƙananan lanƙwasar zare a jere reras, kowace ta ratsa ta cikin ƴar'uwarta. To, ku ja safar da hannu biyu. Ta miƙe. Ku sake ta. Ta koma yadda take. Yanzu ku kama bakin zane ku ja shi haka nan. Da ƙyar zai motsa. Alhali da safar da zanen duka da zare aka yi su, wani lokaci ma zaren auduga iri ɗaya.

Akwai wani ɗan abin wasa da ke nuna dalilin haka. Da Faransanci ana ce masa tricotin. Mu za mu kira shi kwarkwaron saƙa, domin da kwarkwaron zaren tela ake yin sa. Ba ya son lantarki, ba ya son mai. Ƙusa huɗu gare shi da rami guda, kuma yana shiga aljihu. Duk da ƙanƙantarsa, aikin da yake yi shi ne aikin da manyan injunan masaƙa suke yi idan za su saƙa safa.

Amma kafin mu ɗora zare, bari mu je inda ake noman abin da ake yin zaren da shi.

Ƙasar auduga

Ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Maraɗi, ku ja shi gabas sak. Za ku ƙetare tafkin Cadi, ku ratsa ƙasar Cadi, ku shiga Sudan. Bayan tafiyar kusan kilomita 2,900, yatsanku zai sauka a wani gari mai suna Sinnar, a bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu. Wannan kogi daga tafkin Tana na ƙasar Habasha ya taso. A Khartum yake haɗuwa da Farin Nilu. Filin da ke tsakanin kogunan biyu shi ake kira Jazira, wato tsibiri da Larabci.

A can akwai ƙauyukan da in kun yi sallama da Hausa, da Hausa za a amsa muku. Kakannin mutanen sun taso ne daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Damagaram, da sauran garuruwanmu. Da yawansu hanyar Makka suka kama da ƙafa, suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Wasu kuma hijira ce ta kai su. A shekarar 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka saura. Daga baya suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Har yau sunan garin Mai Wurno.

A shekarar 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar, mai tsawon wajen kilomita 3. Aka haƙa magudanai, ruwan kogi ya riƙa shiga gonakin Jazira ko da rani. Bayan an ƙara faɗin aikin, filin da ake ba ruwa ya haura hekta 800,000. Babban abin da aka fi nomawa a wancan zamani auduga ce, wadda wasunmu ke kira kaɗa. Irin da ya yi wa Jazira suna mai dogon gashi ne, tsawon gashinsa ya wuce santimita 3. Dogon gashi yana ba da zare mai ƙarfi da santsi. Hausawa da yawa sun yi aikin tsinkar wannan auduga, maza da mata da yara, daga watan Janairu har zafi ya shigo. Ana gurje ta a Hasahisa da Maringan, jirgin ƙasa ya kai ta Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, jirgin ruwa kuma ya wuce da ita masaƙun Ingila. Yau ba a noma ta da yawa kamar da.

Auduga dai sai an kaɗa ta take zama zare, ko da mazari a hannun tsohuwa, ko da inji. Zaren nan ne kuma abincin kwarkwaronmu.

Kayan da za a nema

Na farko kwarkwaro. A da teloli da kwarkwaron katako suke sayen zare, in zaren ya ƙare su yar. Yanzu galibi na roba ne, shi kuwa ba ya karɓar ƙusa, fashewa yake yi. In ba ku sami na katako ba, ku je wurin kafinta. Ku ce masa: "Baba, don Allah a yanko mini guntun ice mai tsawon yatsa, a huda shi ta tsakiya." Ramin ya kai faɗin da ɗan yatsanku zai shiga. Ku roƙe shi ya goge cikin ramin ya yi sumul, don sartse na kama zare.

Sai ƙusa huɗu, ƙanana, masu ɗan ƙaramin kai. Ƙusa mai babban kai tana hana zare fita. Wadda ba ta da kai ko kaɗan kuma zare yana zame mata. Kada ku tsinto mai tsatsa daga bola, domin in ta soke ku tana iya jawo ciwo mai tsanani. Babba ne zai kafa su a saman kwarkwaron, kewaye da bakin ramin, ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu, ɗaya arewa. Kowace ta fito waje da kamar santimita ɗaya ko fiye kaɗan.

Inda babu kafinta ma ba a rasa dabara ba. Guntun bututun roba ko na kwali ya isa. A sami tsinke huɗu masu ƙarfi, a jera su a jikin bututun ta waje, kansu ya ɗan zarce bakinsa, a ɗaure su tam da roba ko zare.

Saura abu biyu: tsinke mai ɗan tsini wanda za ku riƙa ɗaga zare da shi, da kuma zaren kansa. Zaren keken ɗinki ya yi siriri, za ku wuni ba ku ga abin da kuka yi ba. Ku nemi ulu, ko abawa, ko zaren da aka kwance daga tsohuwar rigar sanyi. Mai koyo ya fara da zare mai haske, fari ko rawaya. Baƙin zare yana ɓoye wa ido abin da hannu ke yi.

Ɗora zare

Ku zura bakin zaren ta cikin rami daga sama, har ya leƙo ta ƙasa da tsawon tafin hannu. Wannan shi ne wutsiya. Ku riƙe kwarkwaron a hannun hagu, ku danne wutsiyar da ɗan yatsa.

Yanzu ku kewaya ƙusa ta farko da zare sau ɗaya. Ku wuce ta biyu, ku kewaya ta sau ɗaya. Haka ta uku, haka ta huɗu. Kowace ƙusa ta sami zobe guda na zare a wuyanta. Wannan zobe za mu kira shi ido, kamar yadda masunta ke cewa idon koma. Da Faransanci sunansa maille. Kada ku matse idon ƙwarai. In ya matse, tsinke ba zai sami wurin shiga ba.

Kun dawo kan ƙusa ta farko ke nan. Daga nan ba sauran kewayawa. Ku shimfiɗa zaren kawai a jikin ƙusar ta waje, sama da idon da ke wurin. Ku duba da kyau: yanzu zare biyu ne a jikin ƙusar, tsohon ido a ƙasa, sabon zare a sama.

Ga aikin gaba ɗaya. Ku sa tsinke ku kama tsohon idon. Ku jawo shi waje kaɗan, ku ɗaga shi, ku tsallakar da shi bisa sabon zaren da kan ƙusar, ku sake shi ya faɗa wajen rami. Shi ke nan. Tsohon ido ya sauka, sabon zaren ya zauna a wuyan ƙusa, ya zama sabon ido.

Ku juya kwarkwaron kaɗan, ƙusa ta biyu ta zo gabanku. Ku shimfiɗa zare a sama, ku ɗaga na ƙasa, ku tsallakar. Ta uku ma haka, ta huɗu ma haka. Idan kun gama da huɗun, kun yi zagaye ɗaya. Ku ja wutsiya a hankali ta ƙasa. Sannan ku sake sabon zagaye, kullum ta gefe guda. Wanda ya fara ta dama, ya ci gaba ta dama.

A nan ne yara da yawa ke gajiya. Sun yi zagaye biyar, sun yi goma, sun leƙa ƙasa, babu komai sai wutsiya. Sai su ce abin ba ya yi. Yana yi! Saƙar tana cikin rami, tana gangarowa. Sai ta kai tsawon kwarkwaron kafin ta leƙo. Ku daure kaɗan, za ku ga kan igiya ya ɓullo kamar ɗan tsako daga ƙwai.

Abin da ke faruwa cikin rami

Me ya hana tsohon idon warwarewa bayan ya bar ƙusa? Ku lura da lokacin da kuke tsallakar da shi. Ai bisa sabon zaren ya bi. Saboda haka da ya faɗa, sai ya rataya a wuyan sabon idon. Sabon idon yana riƙe da shi, ita kuma ƙusa tana riƙe da sabon idon. A zagaye na gaba wannan sabon zai tsufa, shi ma ya sauka, ya rataya a wuyan wanda ya biyo shi. Babu ƙulli ko ɗaya a cikin igiyar. Kowane ido na bayansa ne ke riƙe da shi.

Ashe ke nan ido huɗu ne kaɗai ba su da mai riƙe su: huɗun ƙarshe, na can sama. Su ne ke jiran nasu magajin. Aikin ƙusa kuwa shi ne ta riƙe su har magajin ya zo. Mace mai saƙa da dogayen allurai biyu, a jikin allura take jera idanun da ke jira. Mu mun ba kowane ido ƙusarsa.

Wutsiya fa, don me ake jan ta? Idon da ya sauka yana tsayawa a bakin rami, sako-sako. In ba a ja shi ƙasa ba, na gaba zai faɗo kansa, su taru su cushe. Ja yana saukar da su, yana kuma daidaita girmansu.

Idan igiyarku ta yi tsawo, ku juya ta a hannu ku ƙirga. Za ku ga layi huɗu sun gangaro daga sama har ƙasa, kowane layi kamar an jera harafin V a kan juna. Kowace ƙusa da layinta. Ku matsa igiyar da yatsa biyu, za ku ji cikinta fanko ne. Bututu ce ta zare. Ta zama bututu domin ƙusoshin a kewaye suke, kuma zaren bai taɓa komawa baya ba. Daga ta huɗu ya wuce ta farko, ya rufe da'ira, ya hau bisa abin da ya bari. Haka mai ɗinkin faifai take yi: layi guda ne yake ta kewayawa, ba a ganin inda wani zagaye ya ƙare wani ya fara.

Da Hausa kalma ɗaya muke da ita, saƙa, amma aiki biyu ne. Masaƙi yana ja da zare mai yawa a tsaye, sannan ya riƙa jefa ƙoshiya tana ratsa su da wani zaren a gicciye. Haka ake yin gwado a ƙasar Hausa, haka kuma ake yin farin saƙin da mutanen Sudan ke kira dammur. Da Faransanci wannan shi ne tisser. A irin wannan saƙa zaren a miƙe yake tun farko. In kun ja shi, ba shi da sauran inda zai miƙe. Irin tamu kuwa, wadda ake kira tricoter, zare ɗaya ne tak, kuma a lanƙwashe yake daga farko har ƙarshe. In kun ja igiyar, kowane ido sai ya yi tsawo ya tsuke. Ku duba, igiyar ma sirancewa take yi. In kun sake, idanun su koma siffarsu. Zaren bai ƙaru ba, lanƙwasar ce ta buɗe. Shi ya sa safa ke bin ƙafa, hular sanyi kuma ke shiga kan yaro ta shiga kan babansa.

In ido ya kuɓuce

Wani lokaci tsinke zai zame, ido ya fice daga ƙusa babu sabon zare a wuyanta. Kada ku ja wutsiya! In kun ja, idon zai sulale daga cikin na ƙasansa, shi ma na ƙasan ya rasa mai riƙe shi, ya sulale. Haka za su yi ta bin juna, layin nan guda ya buɗe ya zama kamar tsani. Sauran layi ukun ba abin da zai same su, domin ƙusoshinsu na riƙe da su. Kun taɓa ganin safa ta yi irin wannan tsagewa mai gangarowa? Dalilin ke nan.

Maganin abin shi ne ku tsaya cak. Ku leƙa bakin rami, za ku ga idon yana nan a buɗe. Ku sa tsinke ku ɗauko shi a hankali, ku mayar da shi kan ƙusarsa.

Wannan rauni na saƙar yana da amfaninsa. Ku cire idanun huɗu daga ƙusoshi, ku ja zaren ta sama. Saƙar za ta warware tsaf, ido bayan ido, daga na ƙarshe zuwa na farko. Zaren zai fito a nannaɗe, amma lafiyarsa lau. Saboda haka rigar sanyin da ta yi wa ƙanenku kaɗan ba ta zama shara ba. Ana kwance ta, a sake saƙa wani abu. Gwadon masaƙi ba ya kwantuwa haka.

Idan igiya ta kai tsawon da kuke so, sai a rufe ta. Ku yanke zaren, ku bar kamar santimita 15. Ku zura bakinsa ta cikin ido na farko, sannan ku cire idon daga ƙusa. Ku yi haka da sauran ukun. Ku ja zaren, bakin igiyar ya tsuke kamar bakin jaka, ku ƙulle. Yanzu ku jawo ta ta ƙasa.

Mai hannun juyawa

A manyan kasuwanni akan sami wani irin na roba wanda ba ya son tsinke. Yana da hannu a gefe, ana juya shi kamar na injin taliya. Da an juya, igiya sai ta riƙa fitowa ta ƙasa da sauri. Yaya yake yi?

A wurin ƙusoshi, allurai huɗu gare shi na ƙarfe. Kowace tana da ƙugiya a kanta. A ƙarƙashin ƙugiyar akwai wani ɗan harshe na ƙarfe mai motsi. In ya ɗaga sama, ya rufe bakin ƙugiya. In ya faɗa ƙasa, ya buɗe shi. Wannan ɗan harshe shi ne ya karɓi aikin tsinkenku.

Hannun da kuke juyawa yana tura wasu ƙafafu masu haƙora, su kuma suna juya gindin da alluran ke ciki. A cikin gangar jikin injin akwai wata hanya mai hawa da gangara, kuma gindin kowace allura a cikinta yake tafiya. In ta zo hawa, allurar ta yi sama. In ta zo gangara, ta yi ƙasa.

Mu bi allura guda. Tana hawa, tsohon idon da ke cikin ƙugiya sai ya zame ƙasa a jikinta. Yana zamewa ya ture harshe ya buɗe, ya wuce ƙarƙashinsa. A can sama ƙugiya ta cafki sabon zare. Sai allura ta fara sauka. Tsohon idon yanzu ta ƙasa ya tunkari harshen, ya ɗaga shi, bakin ƙugiya ya rufe da sabon zaren a ciki. Tun da ƙugiya a rufe take, tsohon idon ba abin da zai kama shi. Sai ya bi ta bisa, ya faɗa cikin rami. Sabon zaren ya ratso ta cikinsa, ya zama sabon ido. Kun gani? Ido da kansa yake buɗe ƙofar, da kansa kuma yake rufe ta.

Jan wutsiya ma an yi masa dabara. Ana rataya wani ɗan abu mai nauyi a bakin igiyar, shi ke ja kullum. In kun manta da shi, idanu za su taru a sama, injin ya cije. In ya cije, kada ku murɗa da ƙarfi, haƙoransa na roba ne. Ku tsaya ku duba ko wani harshe ya maƙale.

Akwai manyansu masu allura 22, akwai masu 48. Yawan allura shi ke ƙara faɗin bututu. Mai huɗu igiya yake bayarwa. Mai 48 yana ba da bututun da kan mutum zai shiga, in an tsuke baki ɗaya ya zama hula. Na masana'antu suna da allurai ɗaruruwa, wasu ma dubbai, lantarki ke juya su.

Ni dai a ganina mai koyo ya fara da na ƙusa. Na juyawa ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma yana ɓoye aikin a cikinsa. Wanda ya tsallakar da ido ɗari da hannunsa, in inji ya cije masa, ya san inda zai duba.

Daga bakin Nilu zuwa Ingila

Wannan irin saƙa ta daɗe a bakin kogin Nilu. Ku bi kogin daga Sinnar ku yi arewa, ku wuce Khartum, za ku isa Masar. A can masu tonon kayan tarihi suka sami safa da guntayen saƙa waɗanda suke cikin mafi tsufa da aka sani a duniya. Shekarunsu sun kai 800, wasu ma sun kusa 1,000. Da zaren auduga aka yi su, fari da shuɗi, da ado mai kyau. A kewaye aka saƙa su, kamar igiyarku.

Injin saƙa na farko kuwa a Ingila aka ƙera shi. Wani mutum mai suna William Lee ne ya yi shi a shekarar 1589, don saƙa safa. Bai sami goyon bayan da yake nema a ƙasarsu ba, sai ya kwashe injunansa ya koma birnin Ruwan na ƙasar Faransa. Allura mai harshe daga baya ta zo, a ƙarni na 19. Tun daga lokacin siffarta ba ta sake sosai ba. Wadda ke cikin abin wasan yara da wadda ke cikin babban inji ƴan gida ɗaya ne.

Igiyar ta samu, sai me?

Tana yin zariyar wando, mai laushi wadda ba ta cin ciki. Tana yin maratayin jakar makaranta, ko na makulli. In kuna son launi biyu, ku ƙulla sabon zare a bakin tsohon, ku tura ƙullin cikin rami, zai ɓoye a cikin bututu.

Doguwar igiya kuma ana naɗe ta a kwance kamar faifai, ana ɗinke zagaye da zagaye da allura. Sai ta zama abin ɗora butar shayi. A gidajen Sudan ana zuba gahawa daga wata ƴar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ana ce mata jabana. Gindinta a mulmule yake, ba ta zama da kanta sai a kan ɗan gammo. Igiyar da aka naɗe sau da yawa aka ɗinke tana yin wannan gammon. In kuma kun riƙa ɗan tsuke zagayen kuna ɗinkawa, faifan zai lanƙwaso ya zama ƙoƙo, ƙoƙon ya zama hular jariri. A Jazira ma, kamar a ƙasar Hausa, daren Disamba da Janairu akwai sanyi, jariri kuwa ba ya jure sanyi kamar babba. Wani abin sha'awa: hular da mutanen Sakkwato da Maraɗi ke kira tagiya, mutanen Sudan ma da Larabcinsu tagiya suke ce mata.

Sai dai a kula. Igiyar nan tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Kada a rataya wa jariri ita a wuya, kada kuma a bar ta a shimfiɗarsa. Kwarkwaro mai ƙusa ma ba a barin sa a ƙasa inda ake tafiya ba takalmi.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. A watan Disamba na wannan shekara ya iso Wad Madani, babban birnin Jazira. Mutane da yawa suka bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka, makarantu suka daɗe a rufe. A cikin yaran da suka yi wannan gudu akwai masu jin Hausa kamar ku. Wanda ya bar gida haka ba ya tafiya da keken ɗinki. Amma guntun bututu, da tsinke biyar, da tsohuwar rigar sanyi, ana samun su kusan ko'ina aka sauka. Huɗu su riƙe idanu, na biyar ya riƙa tsallakar da su.

Tambayoyi da aiki

1. Idanu nawa ne ba su da wani ido mai riƙe da su? Me ke riƙe da su?
2. Me ya sa safa ke miƙewa, gwado kuwa ba ya miƙewa?
3. A injin juyawa, me ya karɓi aikin tsinke? Me ya karɓi aikin jan wutsiya?
4. A ce zagaye 3 na ba da santimita 1. Zagaye nawa za a yi kafin a sami mita 1? Ido nawa ke nan aka tsallakar?
5. Ku saƙa zagaye 30, ku rufe igiyar, ku auna ta da ma'auni. Ku gwada da ta abokin zamanku. In ba su zo daidai ba, ku duba kaurin zarenku da nasa.